Tayoyin Kano a Ruwan Guangzhou

Lokacin da abin nan ya faru ni dillalin taya ne a Guangzhou, kuma in faɗi gaskiya, mutum ne ni mai ji da kansa. Ina saro tayoyi daga masana'antu ina loda wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi a kwantena, duk wanda ya sauka daga gida yana neman taya wurina ake turo shi. Ba na tsayawa dogon bincike. Farce kawai nake dannawa, in robar ta lotsa in ce a kwashe min tarkacen nan, in ta ƙi lotsawa in ce yawwa, wannan ce za ta iya da kwaltar Kano zuwa Katsina a tsakiyar bazara. Mu a wurinmu zafi ne abokin gabar taya, shi ke fasa ta a guje ya kifar da mota. Tun da nake ban taɓa jin direban da ya ji tsoron sanyi saboda tayarsa ba.

Da kasuwa ta buɗe min sai na sayi wata jar mota irin ta tsere, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, a hannun wani mai masana'antar wandunan jins a Xintang. Ranar da na kawo ta na danna farce a tayoyinta, na ji su da laushi. Raina ya ɓaci, na ce ni da nake sayar wa duniya taya ba zan hau wannan ba. Na nemo daidai girmanta cikin irin waɗanda nake aikawa gida, masu taurin tsiya, na sa aka ɗaura. Na kuma tsaya a kan mai ba da iska na sa ya yi ta ƙarawa har suka yi tam, yadda muke yi a gida don kada rami ya lanƙwasa ƙarfen taya. Duk watannin zafi motar ba ta taɓa ba ni matsala ba, ni kuwa bakina bai huta da fariya ba.

Yayana tela ne. Da mahaifinmu ya rasu, da kekensa na ɗinki ya ciyar da gidanmu, da shi ya haɗa min jarin farko. A unguwarmu an san shi da aikin wuyan riga na hannu, mutane kan haƙura su jira shi ko da salla za ta wuce. Hannun damansa shi ne gonarsa, shi ne kuma abincin iyalinsa. Da ya ce yana son ya fara ɗinkin jakunkunan fata, yana so ya ga kekunan aikin da idonsa a Shiling, garin da ake yin jaka, murna ta kama ni na aika masa tikiti. Ya iso a tsakiyar sanyi. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane ba: ba a ƙanƙara, amma yayyafi kan yini ya kwana yana zuba, sanyin mai laima yana shiga har ƙashi. Tsarabar da ya kawo min kaftani ne na farar shadda da ya yi wa aiki da hannunsa. Na sa, wuyan ya matse ni. Ya yi dariya ya ce shinkafar 'yan Chana ta mayar da wuyana na bijimi, ya ce in bari mu dawo daga Shiling, allura da zare suna cikin jakarsa, zai saki wuyan kafin in gama shan shayi.

Da safe wasu 'yan Maraɗi da ke masauki ɗaya da shi suka ɗauki shatar ƙaramar bas zuwa Shiling, ya ce mu bi su mana, ga ruwa ana yi. Na ce haba Yaya, ina da mota a garin nan ka shiga ta haya, me za a ce da ni? So nake ya ga inda ƙaninsa ya kai, ba wani abu ba. Ya shiga da ƙyar yana tsokanata, wai wannan ai zama ne a kan tabarma, wai kuɗin kujerun baya ne suka gagare ni. A hanya na yi ta ba shi labarin tayoyin, yadda na cire na banza na sa na gaske. Yana ta gyaɗa kai, hannun damansa riƙe da marikin da ke saman ƙofa.

Wallahi ba wani gudu nake ba. A wata kwana da ke hawa gada na ɗan taka mai, sai na ji sitiyarin ya yi sakayau a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba. Bayan motar ya zame ya riga gabanta. Na taka birki, ko ƙara tayoyin ba su yi ba, muka tafi a karkace muka daki shingen gadar ta ɓangarensa. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Na fito na tsaya cikin ruwan ina kallon jar motar kamar ta wani ce. Abin da ya fara tambaya shi ne ko lafiyata ƙalau. Sannan ya ce in duba masa hannunsa ko yana nan, don shi ba ya jin sa. Na leƙa na ce masa yana nan.

A asibiti tafinta ya gaya mana jijiyoyin da suka sauko daga kafaɗa zuwa hannun sun tsinke, za a yi aiki, amma kada mu sa rai yatsun za su koma yadda suke. Daga baya jami'in hanya ya yi min bayanin tayoyin. Roba mai tauri in ta sha sanyi ƙara ƙanƙamewa take, ba ta kama kwalta. Iskar da na cika ta rage abin da ke taɓa ƙasa, zanen jikinsu kuma ba na korar ruwa ba ne. Masu laushin da na jefar su ne aka yi don irin wannan yanayi. Ina jin sa ina gyaɗa kai kamar ana gaya min farashin tumatir. 'Yan uwa daga masallaci suka yi ta zuwa da abinci da addu'a, ina amsa amin, ina godiya, amma cikina fayau, babu baƙin ciki babu tsoro. Na jira kuka ya zo, bai zo ba, kuma har yau da nake rubuta wannan bai zo ba.

Kafin ya koma gida na zauna gefen gadonsa na gaya masa tayoyin ne. Ya ce ai ya sani, tun a mota na cika masa kunne da su. Ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma kada in kuskura Hajiyarmu ta ji wani abu ban da cewa santsin ruwa ne. Daga nan ya tambaye ni ko har yanzu za a iya sayen keken jakar. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na saya na aika. Keken yana shagonsa yanzu, wasu ne ke hawa, shi yana zaune daga gefe yana nuna musu da hagu, hannun daman a ajiye kan cinyarsa. Masu kawo aikin wuya sun daina zuwa.

Har yanzu ina sayar da tayoyin nan, don a Kano ba su da laifi ko kaɗan. Laifin na wanda ya ɗauko sanin garinsu ne ya ɗora wa garin da ba nasu ba. Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Ni na tarar kowa da tayarsa ta ruwa da sanyi, na ce duk ba su iya ba. Don haka 'yan uwana da ke tuƙi a ƙasashen mutane, ku tambayi 'yan gari wace taya ake hawa a wane lokaci, ku bi iskar da aka rubuta wa motar, in sanyi da ruwa suka haɗu ku sassauta ƙafa. In kuma baƙonku ya ce a shiga bas, don Allah ku shiga bas.

Motar na bar ta inda aka ja ta, ban ko je na gani ba. Kaftanin ne nake sawa duk Juma'a. Akwai teloli birjik a garin nan, wani abokina har ya ce in kawo a saki wuyan, aikin ɗan lokaci ne. Na ce ya bari, wanda ya ɗinka shi ya ce zai gyara in mun dawo daga Shiling. Haka nake ɓalla maɓallin, yana shaƙe ni, in tafi masallaci.