Garwashi a Ƙarƙashin Motar Yaya

Motar Yaya tsohuwar gingimari ce mai shan gas, kuma ba ta shiri da sanyi. Lokacin ɗari, in ta kwana a bakin fadama, baƙin man injinta kan yi kauri kamar man shanu. Sai an cika kasko da garwashi an tura mata ƙarƙashin ciki, daidai ƙarfen da man ke kwanciya, an jira ya saki, sannan ta ga damar tashi. Direbobin wajen Gulma duk haka suke yi. Ni da nake koyarwa a Birnin Kebbi nakan yi musu dariya, in ce sun mai da mota mai jego.

Na zo gida hutu ana tsakiyar yankan shinkafa, kububuwa ta sari Baba a ƙafa yana ɗaga dami. Ya ƙi asibiti. Aka kira mai magani ya tsaga, ya shafa, muka yi ta ce wa 'yan dubiya da sauƙi. Wata asuba Inna ta buga mana ƙofa. Jini na tsattsafowa daga dasashinsa da hancinsa, ya ƙi tsayawa. Allurar maciji kuwa an ce sai Birnin Kebbi. Baba ko zama bai iyawa, balle a ɗora shi a babur. A ƙauyenmu babu mota sai ta Yaya, ga ta cike da buhunan shinkafa, tayoyinta sun nutse a yashi, ba ta turuwa.

Yaya ya murɗa makulli. Ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, gurnanin ya fi na farko rauni. Sai ya zare makullin ya jefa aljihu.

"Batir ya kusa kwantawa," ya ce mini. "In na ƙara ta ƙiya, shi ke nan. Ɗauko wuta."

Na ɗauko kaskon ɗakin Baba, muka tura, muka tsuguna. Ban taɓa tsanar abu kamar kaskon nan ba. Garwashin na ta ci a hankali abinsa, ina jiyo salatin Inna daga cikin gida. Zuciyata ta ƙi ɗauka. Na ruga na rungumo karan shinkafa.

"Mi kaka yi?" in ji Yaya.

"Wuta nika ƙarawa! Mutum na mutuwa, kai kana gashin mota kamar masara!"

"Aje shi. Ƙasan ga duk mai na. Harshen wuta ya taɓa shi ta kama, da mi za mu kai Baba?"

Na ce ya fi son motarsa da ubansa. Sai ya sunkuya ƙarƙashin motar. Ya duba ya ga abin da ban gani ba: motar doguwa ce, kaskon na ƙasa, iskar gulbi na kwashe zafin kafin ya kai ƙarfen. Ya jiƙa buhu ya naɗe hannuwansa, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashinta. Ya ɗaga kaskon sama har ya kusa manne da injin, yana yawo da shi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Hura," ya ce.

Na yi ta fifita da faifai. Buhun ya bushe, ya fara hayaƙi. Na ce ya sauke in sake jiƙawa, ya ce in ya sauke an koma baya. Ina jin ƙauri, ina gaya wa kaina na buhu ne. Ina kuka ina fifita, shi kuma haƙoransa kawai nake gani.

Da ya fito, bai iya sa hannu a aljihu ba.

"Hiddo makullin. Kai za ka murɗa. Yi bisimilla."

Ya taka mai, na murɗa. Ta ja, ta ja, ta yi tari, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Muka kwantar da Baba a gaba, kansa a cinyata. Yaya na juya sitiyari da tsintsiyar hannu da gwiwar hannu, gumi na zubo masa cikin wannan sanyi. Muka wuce Argungu Baba na motsa leɓe. Ina goge jinin da bakin rigata, wani na fitowa. Mun gota Ambursa kaɗan na ji nauyinsa ya canza a jikina.

"Yaya, tsaya."

"Ba ni tsayawa. Mun kusa."

"Yaya, juya mu koma gida."

Ya dube ni, ya dubi Baba. Ya yi innalillahi, ya nemi fili ya juya.

Bayan azahar aka kai shi. Liman ya ce babban ɗa ya sauka ya tarbi mahaifinsa. Yaya ya tako har bakin kabarin, sannan ya tsaya yana kallon hannuwansa, sun kumbura suntum cikin tsumman da Inna ta naɗa masa. Ya juyo gare ni.

"Shiga kai," ya ce. "Ni ba ni iya riƙe shi. Kak ka bari kainai shi bugu."