Takardar Mahauci a Hannun Tsohon Soja

Akwai ranar da har yau ban manta ba, a shekarun fari da yunwa, ina aiki a ƙaramin asibitin Droum. Aikina shara, kiran marasa lafiya da ƙunsa magani. Shugabanmu majo ne, wato babban malamin jinya.

Ƙa'idarmu ita ce, sakamakon gwaji yana zuwa daga babban asibitin Damagaram a rufe. Majo kaɗai ke buɗewa, ya gaya wa mai ciwon, ya kulle takardar. Amma a lokacin takarda ta yi wuya, da tsofaffin takardun ofis muke ƙunsa ƙwayoyi.

Ran nan sakamakon Habu mahauci ya iso: tarin fuka. Habu ya riƙe hannun majo ya ce, "Ku rufa mini asiri. In gari ya ji, ba mai sayen namana, kuma gero bai yi ba." Ina bakin ƙofa, na ji. Sai aka kira majo wajen haihuwa, ya bar takardar a tebur. Ni kuwa na tattara ta cikin na ƙunshi ban duba ba.

Bayan azahar majo ya neme ta, babu. Nan na gane na ƙunsa wa wani magani da ita. Na lissafa waɗanda na sallama, goma sha ɗaya, cikinsu har da Baba Sarja, tsohon soja, wanda ke karanta wa rabin gari wasiƙa, kuma bakinsa ba ya hutawa a majalisa.

Na same shi a zaure. Ban gama gaisuwa ba ya ciro takardar daga hularsa, a ninke.

"Ita ta hana ka cin abinci?"

"Baba, kun karanta?"

"To ina da ido."

Na durƙusa ina hawaye.

Ya ce, "Tashi, kana zubar mini da hawaye a tabarma. Surutuna na labarin yaƙi ne. Kai dai ka ce da mai takardar ya sha maganinsa."

Na mayar wa majo, na faɗi laifina duka. Ya ce nasa ya fi nawa, shi ya bar ta a buɗe. Habu ya ba ƙanensa riƙon rumfa, ya ce bayansa ke ciwo, ya sha magani har ya warke. Ba wanda ya ji.

Ku sabbin ma'aikata, mu da aka ɗora wa amanar muka sake ta, wanda nake tsoro ya riƙe. Har na bar aiki, ban sake ƙunsa ƙwaya ba sai na juya takardar gaba da baya, sau biyu.