Wuƙar da Gimba Ya Miƙa wa Dogara

Duk wanda ya zauna a Borokiri ta Fatakwal a shekarun da Turawa ke haɗa kayansu, ya san Gimba mai washi. Bakano ne, ya biyo shanu a jirgin ƙasa tun yana saurayi da niyyar ya kwana biyu ya koma, garin ya riƙe shi. Ya taɓa fawa bai ji daɗinta ba, sai ya kafa dutsen washi a kan hanyar mayanka, mahauta suka dawo hannunsa kaf.

Washi ne abincinsa, amma ransa yana kan tsofaffin wuƙaƙen aljihu, irin masu ninkewa. Da ya ji jirgin ruwa ya tsaya, zai rufe rumfa ya nufi bakin ruwa, ya bi ma'aikatan jirgi da guntun Turancinsa na kasuwa. Wani ya sayar masa, wani su yi musaya da kilishi. A haka ya cika akwatin ƙarfe, kowace wuƙa da tsummanta da ɗigon man keken ɗinki, don iskar garin ba ta barin ƙarfe ya zauna lafiya. Matarsa Haulatu takan ce, "Malam, gidan nan wuƙa ta fi cokali yawa, amma ko albasa ba a yarda in yanka da guda ba."

In aka kawo masa wuƙa, ba ya fara dubawa. Zai kai ta kunne ya buɗe, ya rufe, ya saurari ƙarar. Zai taɓa ƙotar a haƙori ya gane ƙaho ce, ko ƙashi, ko roba. Sai a ƙarshe ya goge gindin ruwan wuƙar ya nemi tambarin maƙera. Daga nan zai ce ta Ingila ce, ko ta Jamus, ko kuwa jiya-jiya aka buga ta. Gimba ba shi da kara a kan wuƙa. Ko ka rantse ta kakanka ce, in jabu ce zai faɗa maka a gaban mutane, ya ci gaba da washinsa.

Akwai guda da ya fifita, yana kiranta Bajamushiya. Ƙotarta ƙahon barewa ne, ta girmi yaƙin duniya na farko, a hannun wani tsohon kukun jirgi ya same ta. Babu wanda bai gaji da jin labarin kaifinta ba a Borokiri.

Amininsa Dogara Bazazzagi ne, yana sayar da albasa a kasuwar Ose ta Anacha, kuma ɗan tauri ne mai suna. In ya zo Fatakwal a ɗakin Gimba yake sauka, su yi ta tsokanar juna, kowa na ce wa ɗan'uwansa bawa. Wuƙaƙen da Dogara yake wasa da su ya gaje su ne daga maigidansa, kuma tun ranar da Gimba ya fara ɗora su a dutse ya san ƙarfensu mai laushi ne. Bai taɓa faɗa ba. Shi bai ce babu tauri ba, abin da ke jikin mutum Allah ya sani. Shi dai abin da ke jikin ƙarfe ya sani.

Shekara guda bayan samun mulkin kai, Sarkin Fawa ya aurar da ɗansa, aka gayyato Dogara. Bayan la'asar fili ya cika, makaɗa suka zuga shi, ya yi ta goga wuƙaƙensa a ciki da wuya suna lanƙwashewa. Da kiɗa ya hau masa kai, sai ya nuna Gimba da yatsa.

"Ina bawana Bakano? Je ka kawo 'yar Jamus ɗin nan da ka ishe mu da ita, yau a raba gardama."

Jama'a suka ɗauki ihu. Gimba ya yi dariyar yaƙe, ya ce wuƙar ajiya ce ba ta wasa ba. Mahauta suka ce tsoro yake ji. Sarkin Fawa da kansa ya ce a kawo, magana ta ƙare.

A gida ya buɗe akwati ya fito da guda biyu. Ɗayar Bajamushiya, ɗayar kuwa kwaikwayonta ce da ya saya a kasuwar Ochanja ta Anacha don nuna wa mutane bambanci. Daga nesa uwarsu ɗaya. Ya san in ya kai ta gaskiyar, Dogara zai ja ta a cikinsa da dukan ƙarfinsa, kuma ba makawa sai an kwashe shi. In ya kai jabun, sunan da ya yi shekaru yana ginawa ya rushe. Haulatu na tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, Dogara yana da 'ya'ya fa," ta ce.

"Na sani."

Ya sa jabun a aljihu. Bai yi jinkiri ba, ya koma fili.

Dogara ya karɓa, ya ɗaga sama, ya goga ta a ciki, ya goga a wuya, sannan ya kafa tsininta a ƙirji ya danna, ta lanƙwashe kamar cokalin gwangwani. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani mahauci ya ce, "Ashe duk shekarun nan gwangwanin madara Gimba yake shafa wa mai." Aka bushe da dariya, Gimba ya tsaya ya shanye.

Da safe Dogara yana ɗaure kayansa, sai ya dafa kafaɗar Gimba. "Kada ka sa wa ranka damuwa, bawana. Wuƙarka ba ta da laifi, jikina ne ya fi ƙarfinta. A da ina ɗan ɗar-ɗar da ƙarfen Turawa, yanzu na huta. Da Sallah akwai wasa a Inugu, zan ce duk mai wuƙa ya kawo, ko daga ina take."

Gimba ya dube shi. Wannan lissafin bai zo masa ba jiya. Ya tashi ya tura ƙofa, ya ɗauko guntun ƙirgi busasshe wanda ko kare ya ci sai ya gaji, ya buɗe Bajamushiya ta gaskiya. Bai danna ba, ɗora ta kawai ya yi ya ja, ƙirgin ya rabu biyu.

Dogara ya ɗauki ɓari guda ya juya, hannunsa ya kai kan cikinsa.

"Wa ya sani?"

"Ni da Haulatu. Ba kuma za a ƙaru ba."

Dogara bai je Inugu ba. Ya shaida wa mutane girma ya zo, zai koma ga carbi, ya ajiye tauri ba tare da ƙarfe ya taɓa cinsa ba, har yau haka ake ba da labarinsa a Ose. Gimba kuwa masu kawo masa wuƙa a duba suka ragu, yara suka laƙaba masa Mai Gwangwani. Sunan ya bi shi har tsufa, kuma in an kira shi da shi yana amsawa.