Amyar da Ka Bari a Kan Ɗorawar Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha tara ga Sha'aban 1446, wadda ta yi daidai da sha takwas ga Fabrairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Malam Abdullatif mai zuma, a asibiti a Kankiya, bayan 'yar gajeruwar jinya. Bayan Azahar aka yi masa sallah a Yashe, aka kai shi makwancinsa. Ni ce Jamilatu, ƙanwarsa da ke bi masa. Tun a makon rasuwar na so in rubuta wannan, hannuna ya ƙi. Sai yanzu da Azumi ya wuce aka yi Sallah, domin akwai wata magana da ka bari a rataye, Yaya, na ce ba zan yi maka bankwana ba sai na ga inda ta kwana.

Ka tafi ka bar amya guda a kan ɗorawar marigayiya Inna mahaifiyarmu, amyar da ka saƙa da gamba ka shafe da kashin shanu, babu ƙudan zuma ko ɗaya a cikinta. Ɗorawar nan tana cikin gonar da ta faɗo a rabon Kawu Mamuda, ƙanin mahaifinmu. Bara ya ce inuwarta na kashe masa gero, ga ta ta tsufa, kalwarta ba ta taka kara ta karya ba, masu gawayi kuma sai zarya suke yi masa. Ba mugunta ba ce, shi ma bakuna gare shi da yake ciyarwa. Amma a Yashe tun kaka da kakanni ba a ɗora gatari a itacen da zuma ta zauna a kansa. Shi ya sa ka je ka durƙusa gabansa, ka roƙi ya bar ka ka rataya amya. Ya ce, "Na ba ka zuwa bayan ƙaramar Sallah. In sun shiga, itace naka ne kai da su. In ba su shiga ba, kada ka ga laihina." Sai ga shi ko Azumin ba ka gani ba.

Masu zuwa gaisuwa da yawa ba su san ka ba sai da zuma. Ni kuwa na san ka tun kana ma'aikacin sakatariya a Kankiya, kullum tsaf-tsaf, hula a karye, takalmi na ƙyalli. Kowa na cewa ɗan Inna ya samu wuri. Ba wanda ya cuce ka a ofishin nan, kai ma ba ka cuci kowa ba, amma fuskarka kullum kamar ta mai jiran mota a tasha. Ka dawo gida, ka ci abin da aka ajiye maka, ka kwanta. Matarka Zuhura ta taɓa ba ni labari tana dariya, idonta kuwa da ƙwalla, cewa wata rana da gangan ta ƙi sa gishiri a miyar kuka don ta ga ko za ka tanka. Ka cinye tas, ka ce an gode, ka wanke hannu. Ta ce ranar ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta gane jikinka ne kawai ke dawowa gida.

Sai wata ranar bazara taron zuma ya sauko daga sama, ya dunƙule a kan madubin babur ɗinka a bakin ofis. Kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kai ka tsaya. Daga baya ka ce mani ba jarunta ba ce, ƙugin da suke yi ne ya riƙe ka, ka ji kamar wani ya kira sunanka daga nesa. Aka nemo wani dattijo mutumin Dudunni, Babba mai zuma, da ya shigo kasuwa ranar. Ya zo da ƙwarya da faifai, ya share su ciki a hankali yana yi masu magana ƙasa-ƙasa. Ka goya shi a babur har Dudunni, ƙwaryar na kan cinyarsa. Tun daga nan Asabar ba ta ƙara samunka a gida ba. A wurinsa ka koyi saƙa amya, da turara ta, da zaɓen reshen da rana ba ta dukansa da tsakar rana, har Allah Ya yi masa rasuwa ya bar maka igiyarsa.

Da ka ce za ka ajiye aiki tun lokacinka bai yi ba, dangi suka yi ca. Ni ma da bakina na ce, "Haba Yaya, mutane na neman hanyar shiga gwamnati, kai kana neman hanyar hawa itace?" Ka yi murmushin nan naka na gefen baki, ka ce, "Jamila, ni hwa a ofis rana ba ta ƙarewa. Can kau ba ta isata." Inna ce kaɗai ba ta ga laifinka ba. Ta dube ka, ta ce tun yaushe rabon da ta ga haƙoranka a waje, ta sa maka albarka, magana ta mutu.

Wallahi, Yaya, ban taɓa ganin mutum ya sake kamar yadda ka sake ba. Ka yi baƙi, hannunka ya yi kanta, wani lokaci ka zo da leɓe a kumbure muna yi maka tsiya, kai kana cewa ai zuma da zaƙi da harbi. Amma ka fara waƙe-waƙen yara a bakin rijiya. Ka fara tsokanar matan gida. Mutumin da bai ji rashin gishiri a miya ba, shi ne ya koma in ya ɗan lasa zuma sai ya lumshe ido ya ce wannan ta furen gawo ce, wannan ta ɗorawa, wannan kuma sun yi kiwo a darbejiya shi ya sa take da ɗan ɗaci a ƙarshe. Zuhura ta zama abokiyar aikinka. Ita ke haɗa turaren amya, kajiji da ɗoɗɗoya da tsohon kaki, ita ke tace zuma. Saƙar farko ta kowace kaka ita kake kawo wa a tafin hannunka, ko da baƙi a gidan. Da La'asar sakaliya in na zo na same ku a tabarma ɗaya kuna gardamar wace amya ce ta fi albarka, sai in ce ku dai ba ku da kunya, ga jikoki na kallo.

Ba ka taɓa kwashe amya tas ba. Kullum sai ka bar masu rabonsu, ka ce ba a cinye wa mai aiki guminsa a kuma sa ran ya kwana a gidanka. Haka ka yi da mutane ma. Daga Yashe har Kusada, macen da ta haihu ta san 'yar kwalbarka na tafe kafin suna, a ɗiga wa jariri a harshe, mai jego ta sha sauran a kunu. Tsoho mai tari ba ya aike, kai kake zuwa. Ranar gaisuwa wata mata ta zo tun daga Tafashiya, ba wanda ya san ta a cikinmu. Ta ce ɗiyarta ta taɓa ƙonewa da ruwan zafi, kai kuma kana wucewa ka ji kuka, ka tsaya. Bayan an kai yarinyar asibiti an sallamo ta, ka yi ta zuwa da zuma kana duba ta har ta warke. Ba ka taɓa gaya mana ba.

Abin da ya fi zauna mani a rai shi ne safiyar da ka ja ni gona bayan Asuba, ɗorawa na cikin fure. Ka san ni da tsoron zuma, ko a bakin kwano na ga ɗaya sai na bar wurin. Na toge daga nesa, ka ce in matso in rufe ido. Na rufe. Da farko ba na jin komai sai bugun zuciyata. Can sai na ji itacen gaba ɗaya yana ƙugi a hankali, daga sama har ƙasa, ƙamshin furen na saukowa. Na ga Inna a cikin idona a rufe, zanenta ɗaure a ƙirji, tana tsince ɗorawar da ta zubo, mu biyu muna bayanta bakinmu ya yi rawaya da gari. Da kalwar itacen nan ta yi daddawar da ta sayar ta saya mana allo da littafi. Da na buɗe ido jajayen furannin na lilo a kanmu kamar tuntun hula, kai kuma ka jingina kunnenka da jikin itacen kana murmushi. Ka ce, "Kiwo suke zuwa, Jamila. Saura su yarda su zauna."

A asibiti, ranar Litinin da yamma, ka farka ka dube ni. Na zaci ruwa za ka nema. Sai ka ce, "Sun shiga?" Na ce tukuna. Ka ce ai ƙamshin ya gudu, iska ta shanye shi, in ɗorawa ta yi fure a sauke amyar a sake turara ta. Na ce kai za ka yi da hannunka in ka tashi. Sai ka riƙe yatsuna, kana motsa baki da salati.

Ɗorawa ta yi fure a farkon Azumi. Zuhura na takaba, ba ta fita. A tsakar gida ta zauna ta daka kajiji da ɗoɗɗoya, ta narka kaki, ta ƙulle mani a tsumma, ta ce, "Ke za ki je." Na ce ni? Ta ce to wa ya rage da ya ji wasiyyar da kunnensa? Allah Ya taimake ni, tun da gwiwarka ta fara ciwo ka daina hawa, ka koma rataya amya da igiyar Babba, wadda ake sassautawa daga ƙasa. Na je da hantsi da kasko da garwashi. Zuma na shawagi a kaina, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na sauke ta, na kifa bakinta a kan hayaƙin yadda Zuhura ta kwatanta mani. Da ƙamshin ya tashi sai na ji ƙamshin rigarka, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Sannan na mayar da murfin, na ja igiyar, na ɗaure.

Azumi ya yi ta tafiya, shiru. Duk zuwan da na yi daga gidana na Kankiya sai na bi ta gonar na ɗaga kai, ba mai shiga ba mai fita. Furen ya fara zubowa. Har mafarki na riƙa yi ina jin ƙugin nan, in farka in tarar injin niƙan maƙwabta ne. Ranar Sallah Kawu ya shigo gaisuwa, bai tayar da maganar ba, mu ma ba mu tayar ba. Alkawari dai alkawari ne, kuma shi ya cika nasa. Na ce wa Zuhura mu haƙura, wanda ya fi ɗorawa ma mun rasa.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, ina Yashe, da safe muka ji sallamar Kawu. Ya shigo hula a hannu, fatar idonsa na hagu a kumbure har ya rufe. Ya ce ya tafi da masu gawayi ne su duba ta inda za a kayar da itacen. Ɗayansu ya buga ƙotar gatari a gindin don ya ji ko akwai kogo. Kafin su ankara abin ya sauko masu daga amyar, kowa ya kama gabansa, har da mai barin takalmi. Kawu ya zauna a kan turmi, ya dubi Zuhura da ido ɗaya, ya ce, "Ɗiyata, sun shiga." Ya fara dariya, dariyar ta juye masa, ya rufe fuska da hula. Da ya natsa sai ya ce geron da inuwa za ta ci ya bar wa Abdullatif sadaka, kuma in takaba ta ƙare a koya masa haɗin turaren nan, don ba zai bar baƙin ɗansa su rasa mai kula da su ba.

Ka ji inda maganar ta kwana, Yaya. Ɗorawar Inna na nan tsaye. Jiya na je ni kaɗai, na tsaya a gindinta, na rufe ido, ban gudu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zuhura, abokiyar zamanka da aikinka, da 'ya'yanka Ulfa da Sufyanu da jikokinka, da Kawu Mamuda, da dangi na Yashe da Kusada da Kankiya, da duk gidan da kwalbarka ta taɓa shiga. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, bawanKa Abdullatif ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sanya kowace inuwa da ɗorawar nan za ta yi, da kowane ɗigo da za a ɗiba daga amyar nan, a cikin mizaninsa. Ka haɗa shi da Inna da Baba a Aljannar Firdausi. Ya ciyar da bayinKa zumar duniya bai taɓa kwashewa tas ba, Ka shayar da shi daga ƙoramun zumar da Ka yi wa masu taƙawa alkawari, wadda ba ta da harbi. Amin.