Mai Neman Mai Kauri

Baƙon yana tsaye gaban rumfar Cindo mai sayar da baƙin mai a tashar Dakoro, shaddarsa na sheƙi, farcensa fes. Tsohuwar motarsa da zai sayar ta sha wanki har taya, amma injin sai ƙwanƙwasa yake.

Yana tsoma yatsa cikin man, yana murzawa, yana kallon yadda yake ɗiga.

"Babu wanda ya fi wannan kauri?"

"Alhaji, wannan ne daidai da injinka. Mai kaurin ƙarar kawai zai rufe, ba gyara zai yi ba."

"Kwana biyu nake so ta yi shiru."

Cindo yana ɗauko masa mai kaurin. Ransa na ba shi jibi wani bawan Allah zai kasa kunne, ya ji inji lafiya lau, ya sayar da shanunsa ya saya.