Ƙwaurina Ya Kai Ni Zing

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Mayo Gwoi da ke Jalingo, ni da yayana, a wata tsohuwar mota da aka cusa mu mu huɗu a baya. Zing muka nufa, wurin wani mai ɗori. Wata biyu ke nan ina gudu kullum a kan kwalta, saboda gwajin ɗaukar aikin ɗamara da ya rage saura mako uku. Bana ce damata ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun wuce. Ga shi ƙwaurina na dama ya fara zafi kamar an ɗora masa garwashi.

Hanyar ba ta da tausayi. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙashi. In miƙe ƙafa, in naɗe, har wata mata mai kwandon kaji ta ce, "Ɗana, cinnaku ne a wandonka?" Duwatsun da ake ta nunawa ta taga ko kallonsu ban yi ba. A bakin hanya yayana ya saya mana gasasshiyar doya da manja. Ta fi ta Jalingo daɗi da araha nesa ba kusa ba, amma rabi na iya ci.

Mai ɗorin tsoho ne, mun same shi yana gyaran fartanya. Na roƙe shi ya yi mini tsaga, ya shafa magani, gobe in koma gudu. Ya latsa ƙwaurin, ya sa na yi tsalle da ƙafa ɗaya. Sannan ya ɗauki takalmina, na ƙwallo ne mai ƙusoshi, ya juya shi.

"Da wannan kana gudu a kwalta?"

"E, Baba."

"Ƙashi bai karye ba. Kai ne kana karya shi kaɗan-kaɗan. Zauna sati biyu, sa ruwan sanyi, canja takalmi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da la'asar muka iso gida.

Washegari abokan guduna suka buga ƙofa. Na riga na ɗaure takalmi ƙafa ɗaya kafin na kwance shi, na ce su tafi. Abin da tafiyar ta nuna mini shi ne, tsoro ke sa ni gudu, ba ƙwazo ba. Yau kwana shida ina zaune, ƙafa cikin bokiti, takunsu na wucewa ta ƙofarmu kowace safiya, ni kuwa ban san ko ƙwaurin zai ɗauke ni ranar gwajin ba.