Ɗankwali Mai Taurari

Ni dai ja ne lagona. In na ga jan yadi, shi ke nan, hankalina ya tafi.

Shekarata ta farko a Greensboro ta Amurka ina kula da wani tsohon Bature a ƙauyen McLeansville, gida ɗaya tilo a tsakiyar gonaki. Ba ya yawan magana, sai kallo. Wata rana ya sa na buɗe wani akwatin katako, na ciro yadi a ninke: ja wur, da shuɗin layi biyu a gicciye, fararen taurari jere a kansu. Warinsa irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ce kai, wannan ya yi kyau! Ya ce in ɗauka, zai dace da ni. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Na san tuta ce, ba zan yi ƙarya ba. Na zaci ta jiha ce, tunda kowace jiha a nan da tata. Na wanke, na kalmashe bakin, na yi ɗankwali.

Ranar Lahadi na kafa ɗauri na nufi gidan maƙwabciyata, wata tsohuwa baƙar fatar Amurka da nake kira Mama. Ita ta koya mini tuƙi, ita ke ajiye mini abinci. Duk garin nan ba ni da kowa sai ita.

Ta buɗe ƙofa. Kaina ta kalla, sannan ta leƙa bayana, ta duba titi hagu da dama, kamar akwai masu biye da ni. Babu kowa, ko kare. Ni ma sai da na waiwaya.

"Cire," ta ce ƙasa-ƙasa.

Na cire. Ta ce tutar waɗanda suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da kakanninta ce. Tana yarinya wasu maza suka tsaya a ƙofar gidansu da irin tutar nan, suka kira yayanta waje. Bai dawo ba.

Na durƙusa ina kuka. "Mama, wallahi ban sani ba!"

"Na sani," ta ce. Ta ɗaga ni, har ta zuba mini abinci.

Ta yafe, ban yi shakka ba. Amma har ta rasu, duk lokacin da na ƙwanƙwasa, na ce Mama ni ce, sai in ji takunta ya wuce ƙofar zuwa taga. Labule ya motsa. Sai ta daɗe a wurin kafin in ji makulli.